Gero Ɗan Gida, Barkono Baƙo: Asalin Abincin Ƙasar Daura da Halin da Irinsa Ke Ciki

Da za a tashi ɗaya daga cikin matan da suka ɗebi ruwa a rijiyar Kusugu zamanin Daurama, a ajiye mata akushin tuwon dare na wani gida a Daura ta yau, da wasu abubuwan za ta gane su nan take. Tuwon gero ko na dawa ba zai zame mata baƙo ba, haka miyar kuka da daddawar da ke cikinta da waken da aka jefa. Amma barkonon da ya ba miyar zafi, da tattasai da tumatir, da man gyaɗar da aka zuba a kai, ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. A zamaninta babu su a Afirka baki ɗaya. Daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su ƙetaro teku ba sai bayan shekarar 1492.

Haka abin yake kusan ko'ina. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na abincin da ƙasashen duniya ke samu daga tsirrai asalinsa na wani yanki ne daban. Mutanen Italiya da tumatirinsu, mutanen Indiya da barkononsu, duk aro suka yi. Abin da ya bambanta ƙasar Daura shi ne, har yau ginshiƙin abincinta, wanda idan babu shi gida bai ci ba, tsirran wannan sashe ne na duniya. Wurare kaɗan ne za su iya faɗin haka, kuma ina ganin ba mu ɗauki nauyin da ke tattare da hakan yadda ya kamata ba.

Gero ɗan Sahel ne. Shaida mafi tsufa da masu tonon tarihi suka daɗe suna kafa hujja da ita ta fito daga kwarin Tilemsi a arewacin Mali, inda aka sami tambarin ƙaiƙayin gero a jikin fasassun tukwane masu kimanin shekara 4,500. Magina na wancan zamani suna cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, wuta ta cinye ƙaiƙayin ta bar siffarsa. A 2018 kuma wasu masana suka bi diddigin ƙwayoyin gadon gero na gona da na daji, suka gano cewa mafarinsa yammacin Sahara ne, tsakanin arewacin Mali da Muritaniya, kusan shekara 4,900 da suka wuce, lokacin da Sahara ke bushewa tana koro mutane da dabbobinsu kudu.

Yadda ciyawa ta zama hatsi abu ne da kowane manomi zai fahimta. Geron daji yana da ƙananan zangarnu masu yawa, kuma da ya nuna sai ya zubar da ƙwayarsa ƙasa, domin ta haka yake haihuwa. Mai tara shi sai dai ya sami wanda bai zube ba. Idan ya ci wani ya shuka saura, to ya shuka 'ya'yan tsiron da ke riƙe ƙwayarsa. Shekara bayan shekara, ana ɗaukar zangarniya mafi girma ana ajiyewa, har aka sami tsiron da ba ya iya yaɗuwa sai da hannun mutum, mutum kuma ba ya iya zama a wannan rairayi sai da shi. Daga nan ya bazu. Mutanen Nok da suka ƙera mutum-mutumin yumɓu a tsakiyar Najeriya gero suke ci. Ya isa Indiya fiye da shekara 3,500 da suka wuce, kuma a yau Indiya ce kan gaba a nomansa, Nijar da Najeriya na cikin masu bi mata.

Kakan geron bai ɓace daga gonakinmu ba. Shi ne jinin da ke cikin shibra, wadda ke fitowa tsakanin gero, ta riga shi nuna, ta zubar da ƙwayarta. Gero tsiro ne da iska ke ɗaukar bununinsa daga wannan zangarniya zuwa waccan, daga wannan gona zuwa ta maƙwabci, saboda haka kullum yana gauraya da danginsa. Manomi na tsanar shibra, yana cire ta idan ya gane ta. Amma a shekarar da rumbu ya ƙare tun tsakiyar damina, ita mata ke bi suna karyowa kafin gero ya nuna.

Dawa daga gabas ta zo. An sami shaidar nomanta a gabashin Sudan, kusa da Kassala, tun kimanin shekara 5,000. Wake na Afirka ta Yamma ne, an tono shi a wuraren zaman mutanen Kintampo a Gana da shekaru kusan 3,700, kuma har yanzu Najeriya da Nijar ne manyan masu nomansa a duniya. Gurjiya ta fi kusa da mu ma, domin danginta na daji suna tsakanin arewa maso gabashin Najeriya da arewacin Kamaru. Kankana, wadda da yawa ke ɗauka baƙuwa ce, dangin da ya fi kusa da ita yana Kordofan ta Sudan. Akwai shinkafar Afirka, jar nan, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara a Mali, daban take da farar shinkafar Asiya. Ga rama da karkashi da tsamiya da aduwa da kuka da ɗorawa.

An daɗe ba a ba wannan yanki haƙƙinsa a littattafan ilimi ba. Masanin tsirran nan na Rasha, Nikolai Vavilov, wanda ya zagaya duniya yana tara iri a shekarun 1920 da 1930, ya zana cibiyoyin da noma ya samo asali, kuma a cikin Afirka ta kudu da Sahara Habasha kawai ya sa. Sai daga baya irin su Roland Portères na Faransa da Jack Harlan na Amurka suka nuna cewa a Afirka noma bai taso daga wuri ɗaya ba. Ya taso ne a faɗin wani dogon yanki daga Senegal zuwa Habasha, kowane sashe da abin da ya horar. Daura na tsakiyar wannan yanki.

Baƙin kuwa ta hanya biyu suka shigo. Ta hamada da gabas, tare da ayari da alhazai da malamai, aka sami alkama da albasa da tafarnuwa da lemo da rake. Ta teku kuma, a jiragen Turawan Fotugal tun daga ƙarni na 16, aka sami masara daga Mekziko, rogo daga Barazil, gyaɗa daga yankin Boliviya da arewacin Ajantina, sannan dankali da kabewa da gwanda da taba. Zogalen da muke kwaɗawa kamar tare aka halicce mu ɗan arewacin Indiya ne, mangwaro ma daga can yake, haka darbejiya, wadda ba ta shigo Najeriya ba sai cikin ƙarni na 20. Ba ni da wata damuwa da ɗayansu. Wanda ya ce a cire yaji daga abincin Bahaushe don barkono ba namu ba ne, ba zai sami mai saurarensa ba, kuma bai cancanci a saurare shi ba.

Gyaɗa ce kaɗai zan tsaya a kanta, domin labarinta ya ƙunshi gargaɗi. Bayan jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, ga kuma harajin da sai da kuɗi ake biya, gyaɗa ta mamaye jigayin Kano da Katsina da Daura, har aka gina dalarta. Gurjiya, wadda ke jure fari fiye da ita kuma ba ta neman ƙasa mai ƙarfi, ta koma 'yar gefen gona a hannun mata. Sai ga fari na farkon shekarun 1970, sannan a 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, mai nannaɗe ganyen gyaɗa ta tsumburar da ita, ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya. Noman gyaɗa ya ɗauki shekaru bai farfaɗo ba. Irin da ke jure cutar kuwa, a gonakin ƙananan manoma na kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa aka samo shi tun farkon shekarun 1950, wasu tsofaffin iri masu jinkirin nuna da ba wanda ya damu da su. Jininsu na cikin irin gyaɗar da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar daga baya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi asalin tsiro muhimmanci, wato yawan nau'o'in da ke cikin tsiro guda. Ɗan birni na cewa gero, shi ke nan. Manomin Sandamu ko Baure zai tambaye ka, wane geron? Akwai gero mai nuna da wuri, akwai maiwa wadda ba ta fitar da kai sai kwanaki sun fara gajarta, ko da an shuka ta da wuri. A ƙasar Hausa, daga nan har Damagaram da Maraɗi, ana jin sunaye irin su zango mai doguwar zangarniya, da tamangaji, da wuyan bijimi, da gargasa mai gashi wadda tsuntsaye ke shakkar sauka a kanta. A dawa akwai farafara ta farin tuwo, da kaura mai ɗorawar ƙwaya, da takanda ta sha, da karan dafi wanda ba don ci ake shuka shi ba, don jan rinin da majema ke yi wa fata ne. A wake akwai masu miƙewa tsaye su nuna da sauri, akwai irin su kanannado da ɗan ila masu yaɗo, waɗanda ke jinkiri amma su cika rumfa da harawa.

Babu wanda ya tara waɗannan don sha'awa. Ƙasar da ruwanta na shekara ke yawo tsakanin milimita 500 da 700, kuma yana iya ɗaukewa mako uku ana tsakiyar damina, ba a dogara da abu ɗaya a cikinta. Shi ya sa ake gicci, gero a layi, dawa a gicciye, wake a tsakani bayan noman firi. Idan ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya tsira. Idan ya zarce, dawa da maiwa su biya. Wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwarsa, harawarsa ta ciyar da tumakin da takinsu zai koma gonar. Da kaka kuma, kafin a ɗaure damman ci, maigida na bin zangarnun yana ware waɗanda suka cika suka yi kyau, a ɗaure su daban, a ajiye ba a sussuke ba. Aikin da aka fara a Tilemsi ke nan, bai tsaya ba.

Akwai shaidar cewa wannan zaɓe na manomi yana aiki har yanzu. Masu bincike na Nijar da Faransa sun kwatanta geron da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tarawa a waɗannan ƙauyuka a 2003, wato bayan farin 1984 ya yi ɓarnarsa. An zaci za a ga yawan nau'o'in ya rushe. Ba haka aka gani ba. Arzikin ƙwayoyin gadon yana nan kusan yadda yake, sai dai geron 2003 ya fi na 1976 saurin fitar da kai. Damina ta gajarta, geron manoma ya bi ta, kuma ya iya bin ta ne domin a cikin kowace gona akwai tsirrai masu hali daban-daban da za a zaɓa daga ciki. Da duk gonar iri ɗaya ce sak, da babu abin zaɓa.

To ina matsayin ingantaccen iri? Ba na cikin masu ƙyamarsa. Geron SOSAT, wanda aka samar a Mali aka kuma fitar wa manoman Najeriya a 2000 ta hannun cibiyar binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri, ya cika rumbuna da dama. Irin waken da ke jure wuta-wuta, wanda Samaru da cibiyar IITA suka yi aiki a kai, ya ceci gonakin da aka fara haƙura da su. Inda nake da ja shi ne ma'aunin. Mai bincike yawanci buhu nawa hekta ta bayar yake dubawa. Gida kuwa yana duba tsawon karan da za a yi danga da shi, da ko hatsin zai kai baɗi a rumbu ƙwaro bai cinye ba, da yawan harawa, da yadda furarsa ke damuwa, da ko tuwon zai kwana ya yi ɗumame. Irin da ya ci jarrabawar farko ya faɗi sauran, uwargida za ta kore shi ko malamin gona ya so ko ya ƙi. Kuma duk ingantaccen iri daga tsohon iri aka ciro shi, saboda haka shirin da ke raba sabo yana koya wa manomi raina nasa yana sare reshen da yake zaune a kai.

Idan gero na da wannan juriya, ina asarar take? A ganina a wurare uku, kuma ba ɗaya suke da nauyi ba.

Akwai shekarar yunwa, inda gida ke cinye damin iri, da damina ta faɗi a sayo hatsin kasuwa a shuka, ba a san daga ina ya fito ba. Nau'in da iyali suka riƙe tun kakanni yana iya yankewa a damina ɗaya. Masu jinkirin nuna irin su maiwa su suka fi shan wannan, tun da gajeriyar damina ta riga ta matse su. Akwai kuma tukunya. Abin da ba a dafawa ba a shuka shi. Shinkafa da taliyar leda da garin masara sun fi sauƙin sarrafawa, gero kuwa sai an surfa an wanke an niƙa. Ba zan zargi matar da ta zaɓi sauƙi ba, alhali masu injin da masu kamfani ba su yi wa gero hidimar da suka yi wa alkama da masara ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, amma a kasuwar Daura ko ta Mai'adua hakan bai rage wa mai surfe wahala ba.

Ta ukun ita ce ta fi damuna, domin ba a lissafa ta. Tuwo daga gona yake fitowa, amma miya, tun asali, daga itace da gefen gona take. Lalo da karkashi da gasaya da tafasa da yaɗiya ba a cika shuka su ba. Suna fitowa da kansu, mai noma da fartanya ya gane su ya tsallake. Maganin feshin ciyawa ba ya tsallake komai. Ga shi gado na ta rarraba gonaki, babu sauran barin ƙasa ta huta, an cinye burtali da ɗan dajin da ke tsakanin ƙauyuka. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da waɗanda suka biyo bayanta, ganyaye da 'ya'yan itatuwan daji irin su anza da aduwa da goruba ne suka riƙe ran mutane da yawa. Anza ma sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, kuma wannan sani ne da ba ya rubuce, a kan tsofaffin mata yake.

Duba kukokin da ke kewaye da garuruwanmu, kusan duk tsofaffi ne. Ana tsige ganyensu har ba sa samun yin 'ya'ya sosai, ɗan tsiron da ya fito kuma akuya ta cinye. Ɗorawa ta yi ƙaranci har masu daddawa da yawa sun koma waken suya, wanda asalinsa na ƙasar Sin ne, ɗanɗanon ɗunƙule kuma ya danne na kalwa da na daddawar batso. Idan aka tashi dashen itatuwa, darbejiya ake kawowa, domin tana kamawa da sauri kuma dabba ba ta cika damunta ba. Ta ba mu inuwa da makamashi, mun gode. Amma ba a miya da ita.

Maganin wannan yana nan tsallaken iyaka cikin Nijar, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Kwangwalam. A yankunan Matamaye da Magarya gonaki cike suke da gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana da taki, ya yi kore da rani ya ciyar da dabbobi. Tun daga 1983, lokacin da wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoman Maraɗi ga kututturan da ke toho a gonakinsu, al'adar barin toho a gyara shi maimakon a sassabe ta bazu, har aka ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba a kawo iri daga ko'ina ba. Abin da ya fi taimakawa shi ne manomi ya sakankance cewa itacen da ya rena nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya, dangi ɗaya da mutanen Zango da Baure. Babu dalilin da zai hana a yi hakan a nan da gawo da aduwa da magarya da kuka.

Wani zai ce ai an adana irin a ɗakunan sanyi. Gaskiya ne, kuma aiki ne mai daraja. IITA a Ibadan na riƙe da samfurin wake sama da 15,000. Cibiyar ICRISAT na da rumbun iri a Sadore kusa da Yamai, Najeriya na da nata na ƙasa a Ibadan tun 1987, kuma tun 2008 akwai babban rumbun da aka haƙa cikin dutse a Svalbard ta ƙasar Norwe. Sai dai geron da aka rufe a kwalba a 1976 yana nan da halin 1976, bai san damina ta sauya ba. Kuma kwalbar ba ta ɗauke da sanin wace jigawa yake so, ko wane abinci ake yi da shi. Manomin da irin kakansa ya ɓace masa ma, ko da yana can a ajiye, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya karɓo.

Abin da masarautar Daura ke da shi wanda cibiyoyin nan ba su da shi shi ne hanyar isa kowace unguwa. Daga fada zuwa hakimai, zuwa dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma, a ƙananan hukumomi biyar na Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, ana iya tambayar kowane ƙauye irin gero da dawa da wake da gurjiyar da yake shukawa, da wanda ya daina, da gidan da har yanzu yake riƙe da shi. Ɗaliban aikin gona na jami'o'in Katsina da Dutsin-ma da Kano na neman abin bincike, ga shi a ƙofar gida. A rubuta sunayen da Hausa yadda masu su ke faɗa, tare da amfanin kowanne, a ajiye kaso a rumbun gari inda mai nema zai ara ya mayar da kaka, a aika kaso ɗakin sanyi. Lokacin yin sa shi ne bayan girbi, sa'ad da damman iri ke waje ba a rufe rumbu ba. Ni da zan tsara shi, da maiwa da gurjiya da ganyayen miya zan fara, kuma masu tambayar su haɗa da mata, domin yawancin waɗanda ke da amsar suna cikin gida, namiji baƙo ba zai isa gare su ba.